Jikina Nawa ne, ko Kuwa Shi ne Ni?

A ranar da za a ba Sokrat, masanin falsafa na ƙasar Girka, guba ya sha a kurkukun birnin Atina, shekara ta 399 kafin Miladiyya, abokinsa Kirito ya tambaye shi yadda yake so su binne shi. Almajirinsa Aflaton, wanda ya rubuta labarin, ya ce dattijon dariya ya yi, ya ce su yi duk yadda suka ga dama, muddin sun iya kama shi bai kuɓuce musu ba. Sai ya juya ga sauran yana kukan cewa ya kasa fahimtar da Kirito. Shi Kirito a ganinsa Sokrat shi ne gawar da za ta kwanta a gabansa an jima kaɗan, alhali Sokrat shi ne wannan da ke zaune yana yi musu magana, wanda da ya sha gubar zai yi gaba abinsa.

Raha ce, amma a cikinta akwai gardamar da masu falsafa suka shafe sama da shekara 2,400 suna yi. In mutum ya ce "ni", me yake nunawa? Wannan abin mai tsawo da nauyi, mai jin yunwa da barci, ko wani abu dabam da ke zaune a cikinsa?

Ko bakinmu bai tsaya a gefe guda ba. Muna cewa "jikina" kamar yadda muke cewa "rigata", sai ka ce wani abu ne da za mu iya tuɓewa mu rataye. Amma wanda aka mara ba ya cewa an mari jikina, an mare ni yake cewa. Kalmar da muke nuna ainihin mutum da ita, a "ni da kaina", sunan wani sashe ne na jiki. Sannan da zarar numfashi ya tsaya, sai mu daina kiran abin da ke kwance da sunan mai shi, mu ce gawar wane. Kowace daga cikin waɗannan maganganu tana da manyan malamai a bayanta.

Aflaton ya tsaya kan cewa mutum shi ne ransa, jiki kuwa ɗakin da aka kulle shi ne, kullum yana damunsa da yunwa da sha'awa da tsoro da ciwo har ya hana shi tunani. Ɗalibinsa Aristotil, wanda ɗan likita ne kuma ya shafe shekaru yana feɗe dabbobi yana duba cikinsu, bai yarda ba. A wurinsa rai shi ne tsari da aikin jiki mai rai. Ya ce tambayar ko rai da jiki abu ɗaya ne daidai take da tambayar ko kakin zuma da zanen hatimin da aka danna a kansa abu ɗaya ne. Da ido dabba ce mai zaman kanta, da gani ne ranta. Idon da ba ya gani kuwa suna kawai ya rage masa, kamar idon da aka sassaƙa a dutse. Sai dai ya bar 'yar ƙofa a buɗe game da hankali, inda ya nuna kamar shi yana iya rabuwa da jiki, kuma a bakin wannan ƙofa masu sharhinsa, Girkawa da Musulmi da Turawa, suka yi ta cunkoso ƙarni bayan ƙarni.

Hujja mafi kyau da aka kawo wa ɓangaren masu raba mutum da jikinsa, a ganina, ta Ibn Sina ce, likita kuma masanin falsafa da aka haifa kusa da Bukhara, ya rasu a Hamadan a 1037. Ya ce ka ƙaddara an halicce ka yanzu-yanzu, lokaci guda, cikakken mutum mai hankali, amma an rufe maka ido, an rataye ka a sarari inda ko iska ba ta taɓa fatarka, an kuma ware gaɓoɓinka yadda babu wadda ke gogar 'yar'uwarta. Ba ka gani, ba ka ji, ba ka taɓa komai. Za ka san kana da hannu? A'a. Zuciya ko ƙwaƙwalwa? A'a. To za ka san akwai ka? Ibn Sina ya ce babu ko shakka. Ke nan abin da ka tabbatar dabam, abin da ba ka ma san da shi ba dabam.

Misalin yana da daɗi, kuma da wuya mutum ya ji shi bai gyaɗa kai ba. Amma akwai wurare biyu da yake ɗingishi. Na farko, rashin sanin abu ba ya nuna babu shi a cikin abin da ka sani. Mutane sun yi dubban shekaru suna shan ruwa, sun san shi sarai, ba su san iskoki biyu ne suka haɗu suka yi shi ba, kuma jahilcinsu bai cire iskokin daga cikin ruwan ba. Mai yiwuwa ne mutumin da ke rataye ya san kansa, kuma abin da ya sani ɗin jiki ne, bai dai gane ba. Na biyu, rufe ido da kunne ba ya kashe jin jiki. A can cikin kunne akwai gaɓar da ke gaya maka ina ne sama ina ne ƙasa. A cikin tsoka da jijiyoyi akwai masu kai rahoton inda kowace gaɓa take. Ga bugun zuciya, ga shiga da fitar numfashi. Mai kare Ibn Sina zai ce to a cire waɗannan ma. An cire. Amma daga nan wa ya san abin da zai rage? Duk wanda ya taɓa kwatanta wannan hali a ransa, yana zaune ne a kan wani abu, yana numfashi, lokacin da yake kwatantawar.

Akwai wani abin da ake yawan kuskure a kansa, wato ɗaukar cewa addini yana tare da Aflaton, kimiyya tana tare da jiki. Tarihi bai nuna haka ba. Lokacin da Imam Ghazali ya yi wa masu falsafa raddi a ƙarshen ƙarni na 11, mas'ala 20 ya lissafa, uku daga ciki ya ce sun kai kafirci, kuma ɗaya daga cikin ukun ita ce musun tashin jikkuna, wato cewa rai kaɗai zai ɗanɗani ni'ima ko azaba. A ɓangaren Kirista, Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya rubuta ƙarara cewa raina ba shi ne ni ba, yana nufin ran da ya rabu da jiki yanki ne na mutum, ba mutumin gaba ɗaya ba. Mulla Sadra na Shiraz, a ƙarni na 17, ya ce rai daga jiki yake tsirowa, daga baya ya wanzu a matsayin ruhi. Dukansu sun yi imani da ruhi, kuma babu wanda ya yi watsi da jiki a cikinsu.

Wanda ya tsaga layin da ƙarfi a zamanin baya-bayan nan shi ne René Descartes na Faransa. A 1641 ya ce yana iya shakkar komai, har da cewa yana da hannu da ƙafa, amma ba ya iya shakkar cewa yana tunani. Ya raba halitta gida biyu: abu mai tunani wanda ba ya cin wuri, da abu mai cin wuri wanda ba ya tunani. Jiki inji ne, yana yankuwa, hankali kuwa ba ya yankuwa. A 1643 wata gimbiya 'yar shekara 24, Elisabeth ta Bohemiya, ta rubuta masa wasiƙa da tambayar da har yau ba a amsa ba. Kafin abu ya tura wani abu sai ya taɓa shi, kafin ya taɓa shi sai yana da faɗi da tsawo. To yaya abin da ba ya cin wuri yake ɗaga hannu? Descartes ya yi 'yan kame-kame, daga ƙarshe ya ce haɗuwar rai da jiki ana gane ta ne ta zaman yau da kullum da hira da mutane, ba ta zurfafa tunani ba. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ta fi taimakon gimbiya. Ya kuma nuna wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce a nan suke haɗuwa, alhali tambayar ba "a ina" ba ce, "ta yaya" ce.

A yi masa adalci, shi da kansa ya rubuta cewa ba ya zaune a jikinsa kamar yadda matuƙi ke zaune a jirgin ruwa. Matuƙi yana ganin ɓaraka a jikin jirgi ne da ido ya san an yi ɓarna. Wanda ya yanke a yatsa kuwa ba labari yake samu ba, zafi yake ji. Zan dawo kan wannan matuƙin.

Daga nan gardamar ta rabu biyu, kuma yawancin ruɗanin da ake samu daga cakuɗa su ne. Tambaya ɗaya ita ce, me ya sa ni na yau ne ni na shekara goma da suka wuce? Ɗayar kuma, me ke sa a wannan daƙiƙar nake jin cewa ni ne, a nan, a cikin wannan fatar?

John Locke na Ingila ne ya ɗora ta farkon a kan hanyar da take bi har yanzu. A 1694 ya ce a ɗauka sanin wani yarima, da duk abin da yake tunawa na rayuwarsa, ya koma jikin wani mai gyaran takalmi. Kowa zai ce mai gyaran takalmi ne yake gani, amma wanda za a tuhuma da laifukan yarima shi ne wannan da ke tuna ya aikata su. A wurin Locke batun na shari'a ne, na wa za a saka wa, wa za a hukunta, kuma igiyar da ke ɗaure mutum da jiyansa ita ce tunawa. Thomas Reid ya kawo masa cikas da misalin wani tsohon janar wanda yake tuna bajintar da ya yi yana matashin hafsa, shi kuma matashin yana tuna dukan da ya sha yana yaro saboda satar 'ya'yan itace, amma tsohon ya manta dukan kwata-kwata. Bisa ƙa'idar Locke, tsohon shi ne matashin, matashin shi ne yaron, amma tsohon ba shi ne yaron ba. Tufka da warwara ke nan. Mabiya Locke sun gyara ta da cewa sarƙa ce, ya isa kowane zobe ya kama na kusa da shi.

Abin da ya fi jijjiga ta shi ne na Bernard Williams a 1970. Ya ba da labarin musanyar jiki irin na Locke, kowa ya yarda mutum yana bin tunaninsa. Sai ya sake ba da shi ta wata fuska. An ce maka gobe za a azabtar da kai. Don a kwantar maka da hankali, an ce kafin nan za a goge duk abin da kake tunawa, a zuba maka tunanin wani da halayensa. Hankalinka ya kwanta? Kusan kowa zai ce tsoron ma ƙaruwa ya yi, ga hauka ga azaba. Labari ɗaya ne da na farko, amma yanzu tsoro ya bi jiki. Darasin da nake ɗauka a nan shi ne, irin waɗannan misalai ba ma'auni ne mai gaskiya ba, mai ba da labari yana iya karkata su inda ya so.

Derek Parfit a 1984 ya kai abin maƙura. Inji ya karance kowace ƙwayar jikinka, ya rushe jikin, ya aika bayanan duniyar Mars, a can aka gina irinsa sak. Ka yi tafiya ne ko ka mutu? To in injin bai rushe na nan ba fa, ku biyu kuna raye, wane ne kai? Parfit ya ce tambayar ba ta da muhimmancin da muke ba ta, abin da ya kamata ya dame mu shi ne ci gaban tunani da hali, ko a jikin wa. Wannan ya kusa da koyarwar Buddha, wadda ta ce mutum tarin abubuwa biyar ne, na farkonsu jiki, babu wani dawwamammen mai gida a bayansu. Masu adawa da Parfit, irin su Eric Olson, suka ce a sauko ƙasa. Ka taɓa zama ɗan tayi a ciki? Ka taɓa. Ɗan tayin yana da abin tunawa ko hali? Babu. Ke nan ba tunawa ce ta haɗa ka da shi ba, rayuwar halitta guda ce da ba ta yanke ba. Kuma in kai dabam ne da wannan halittar da ke zaune a kujerarka, wadda ita ma da ƙwaƙwalwarta take tunani, to masu tunani biyu ne a kujera ɗaya.

Su ma suna da inda takalmi ke matsa su. Tun da aka yi dashen zuciya na farko a Cape Town a 1967, babu wanda ya taɓa tambayar wa ya farka bayan aikin. Amma da za a iya dashen ƙwaƙwalwa, yawancinmu za mu ce mutum ya bi ƙwaƙwalwarsa, sauran jikin ne aka dasa mata. Sai dai a lura, wannan ba nasarar Aflaton ba ce. Ƙwaƙwalwa nama ce mai nauyin kusan kilo ɗaya da rabi, mai buƙatar jini a kowace daƙiƙa. Mai cewa "ni ne ƙwaƙwalwata" ya zaɓi wani sashe na jiki ne ya naɗa shi sarki. Ita wannan tambaya ta farko, ni dai ban ga wanda ya kammala cin ta ba.

A tambaya ta biyu ne jiki yake da hujjar da ta fi ƙarfi. David Hume ya ce a 1739 duk lokacin da ya leƙa cikinsa yana neman "kansa", sai ya yi tuntuɓe da zafi ko sanyi, haske ko inuwa, so ko ƙi, ciwo ko daɗi, bai taɓa kama kansa tsirara ba. Ya kammala da cewa babu wani abu sai damin ji. Amma a dubi jerin nasa, galibinsu kayan jiki ne. William James a 1890 ya yi irin wannan leƙen, ya ce abin da ya samu motsi ne ƙanana a cikin kai da maƙogwaro.

Edmund Husserl na Jamus ya bambanta jikin da likita ke aunawa da jikin da mutum ke rayuwa a cikinsa, shi kuma Maurice Merleau-Ponty na Faransa ya gina falsafa sukutum a kan wannan a 1945. Kofi yana gabana, ina iya zagaya shi, in matsa kusa, in yi nisa. Jikina kuwa shi ne wurin da "kusa" da "nisa" da "dama" da "hagu" suke farawa. In sauro ya cije ni a duhu, hannuna yana zuwa wurin ba tare da na nemi hannun ko wurin ba. Makahon da ya saba da sandarsa ba ya jin ta a tafin hannu, ƙasa yake ji a bakin sandar. Mai buga rubutu da sauri yatsunsa sun san inda kowane harafi yake, amma ka ce ya zana maka jerin haruffan a takarda sai ya yi ta inda-inda. Akwai sani a nan wanda bai bi ta kalmomi ba. Kuma ga dalilin da nake ganin ya sa masu falsafa suka daɗe suna mantawa da jiki: jiki mai lafiya shiru yake. Ba ka jin idonka, duniya kake gani. Mai zaune lafiya a ɗaki yana iya shakkar yana da haƙori, mai ciwon haƙori ba shi da wannan damar. Jiki magayi, amma sai abu ya ɓaci yake ɗaga murya.

Wasu kuma sun nuna ba kowa ake bari jikinsa ya yi shiru ba. Simone de Beauvoir a 1949 ta yi bayanin yadda mace ke tashi tana sanin ana kallon jikinta kafin a saurari maganarta. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan tsibirin Martinik, ya ba da labari a 1952 yadda wani yaro Bature a Faransa ya nuna shi da yatsa yana gaya wa uwarsa tsoro yake ji, nan take ya ji fatarsa ta yi masa nauyi. Idon wasu yana shiga cikin yadda mutum yake zaune a jikinsa.

Asibiti da ɗakin gwaji sun ƙara wa batun armashi, domin sun nuna jin "nawa ne" abu ne da ake ginawa, yana kuma iya kuskure. Likitan Amurka Silas Weir Mitchell, wanda ya duba sojojin da aka yanke wa gaɓoɓi a yaƙin basasar ƙasar, ya rubuta yadda suke ci gaba da jin hannun da babu shi, har da ƙaiƙayi da ciwo. Akasin haka, wasu masu shanyewar ɓarin jiki sukan dubi hannunsu na hagu su rantse na wani ne. A 1998 Matthew Botvinick da Jonathan Cohen sun ɓoye hannun mutum a bayan allo, suka ajiye na roba a gabansa, suka riƙa shafa duka biyun da burushi lokaci guda. Cikin 'yan mintoci mutane da dama suka fara jin shafar a hannun robar.

Kada a yi gaggawar cewa an gama. Mai bin Ibn Sina yana da amsa: in kayan aiki ya lalace aiki yana lalacewa, wannan bai nuna babu ma'aikaci ba. Amsar tana riƙe ruwa a kan hannu da ƙafa. Tana fara yoyo a irin labarin Phineas Gage, shugaban leburorin layin dogo a jihar Vermont, wanda ƙarfe ya huda masa gaban ƙwaƙwalwa a 1848, ya rayu, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya har abokansa suna cewa ba shi ba ne. An yi wa labarin ƙarin gishiri daga baya, domin mutumin ya koma aiki har ya yi tuƙin keken doki a Chile. Duk da haka, in abin da ya sauya shi ne haƙuri da kunya da abin da mutum yake so, da wuya a ce kayan aiki kaɗai aka taɓa. Abin da waɗannan shaidu suka tabbatar shi ne, "ni" ɗin da muke ji a wannan rayuwa da jiki aka saƙa shi. Ko akwai abin da ke wanzuwa bayan an warware saƙar, wannan ba tambayar da burushi da hannun roba za su amsa ba ce.

Matuƙin jirgin da Descartes ya ce shi ba shi ba ne kuwa, an same shi. A 1971 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 19, Ian Waterman, yana aikin fawa a tsibirin Jersey, ya kwanta rashin lafiya, ciwon ya kashe jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓawa da na matsayin gaɓoɓi, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa lafiya lau, yana jin zafi da sanyi da ciwo, amma in ya rufe ido bai san inda hannunsa yake ba. Likitansa Jonathan Cole ya bi labarinsa shekaru da yawa. Waterman bai daina sanin shi ne shi ba, kuma mabiya Ibn Sina suna iya ƙirga wannan a nasu. Ya koyi zama, ya koyi tsayuwa, ya koyi tafiya, duk ta hanyar kallon gaɓoɓinsa da ba su umarni ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya ɗauki ƙwai sai ya lissafa ƙarfin da zai sa don kada ya fasa shi. Tafiya tana cinye masa hankalin da sauran mutane ke kashewa a hira ko tunanin gobe. In kuma aka ɗauke wuta yana tsaye, faɗuwa yake yi a inda yake, ya jira haske ya dawo.